Yadda ake zaɓen kayan doki da lissafin kuɗin koyon hawa, daki-daki

Tun da aka gama hawan sallah wayata ba ta huta ba. Wannan ya ce yana son koyon hawa nawa zai tanada, wancan ya turo hoton sirdi wai in duba masa ko ya saya, wata baiwar Allah kuma ɗanta mai shekara 9 ya hana ta sakat tun ranar da ya ga hawan daushe. Amsa iri ɗaya nake ta maimaitawa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya samu. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne tsari, me ake fara saya, me ake bari sai ƙarshe, don yawancin asarar da na gani a harkar nan daga sayen abu kafin lokacinsa take zuwa. Mutum bai taɓa ɗora ƙafa a likkafa ba amma ya riga ya sayi jalala, wato shimfiɗar ado ta kan sirdi, da ƙaimi.

1. Fara sanin wane irin hawa kake so

Akwai mai son hawan gargajiya, na sallah ko na angwanci. Akwai mai son kilisa kawai, ya fita da yamma ya zaga ya dawo. Akwai kuma mai son polo ko sukuwa. Kayan kowanne daban, kuɗin ma daban, to ka yanke shawara tun yanzu.

Amma ko wanne ka zaɓa, shawarata ka fara koyo a kan sirdin polo, wato shimfiɗaɗɗen nan na Turawa. Sirdinmu na gargajiya kwacciyarsa, wato tudun da ke gaba da bayan mazauni, ta gaba da ta baya dogaye ne, suna riƙe mutum kamar yana cikin kujera, sai ka ga kamar ka iya alhali sirdin ne ya riƙe ka. Wanda ya koya a shimfiɗaɗɗe in ya koma na gargajiya ranar zai saba, wanda kuma ya fara da na gargajiya in aka ɗora shi a na polo sai ya koma ɗan koyo sabo fil.

2. Hula da takalmi, su kaɗai za ka saya kafin ranar farko

Hular kwano ta hawan doki ita ce abu na farko. Ka ɗauki tef ɗin tela ka auna kanka, ka zagayo da shi daga ɗan saman gira zuwa ƙeya, lambar santimita da ka samu ita ce lambar hularka, manya galibi tsakanin 54 zuwa 60 suke faɗawa. In ka sa ta kafin ka ɗaure igiyar haɓa ka girgiza kai, ka sunkuya. In ta zamo ta rufe maka ido ta yi yawa, in kuma ta bar maka jan layi a goshi bayan minti biyar ta yi kaɗan. Ka duba cikinta akwai tambarin gwaji, irin su VG1 ko PAS 015 ko ASTM, wadda ba ta da ko ɗaya ado ce kawai.

Gargaɗi a nan: kada ka sayi hular gwanjo. Komai na doki ana iya sayen na hannu banda hula, saboda in ta taɓa buguwa da ƙasa soson cikinta ya riga ya mutu ko da bayanta na ƙyalli, kuma ba yadda za ka gane da ido. Kai ma ranar da ka faɗi kanka ya bugu ka canza ta. Hular babur ba ita ba ce, ta yi nauyi kuma tana tare gani. Na san za a ce ai iyayenmu da rawani suke hawa, haka ne, amma su tun suna yara suke kan doki, kai kuma yau za ka fara.

Takalmi kuwa wanda ya rufe ƙafa har idon sawu, mai ɗan dunduniya kamar inci ɗaya, ƙasansa ba mai manyan haƙora ba. Wannan gwanjo ma ya isa, ba sai ka sayi dogon but na 'yan polo ba. Dunduniyar nan ita ke hana ƙafa zarcewa cikin likkafa. Na taɓa gani da idona a wani hawan angwanci, yaro matashi da kambas a ƙafa, doki ya tsorata da ƙarar bindiga ya yi gefe, yaron ya faɗo ƙafarsa ta zarce cikin likkafa dokin ya ja shi a ƙasa, Allah ya sa zagi na kusa ya cafke linzami. Tun ranar ba na barin kowa ya hau dokina da kambas ko silifas, ko waye. Wando kuma mai kauri wanda ba shi da ɗinki mai tudu ta cikin cinya, in ba haka ba washegari tafiya za ta gagare ka. 'Yan'uwa mata a sa wando a ciki, mayafi ko hijabi a tattare shi kada ya riƙa kaɗawa, dawaki da yawa na tsorata da ƙyalle mai kaɗawa.

3. Nemo inda za ka koya

Hanya uku ce a ƙasar nan.

Ta farko bargar unguwa ko ta gidan sarauta. Kusan duk tsohon gari, Kano ko Katsina ko Zariya ko Sakkwato ko Damagaram, ba ka rasa mai doki a kusa da kai. A nan ba a cika yanka farashi ba, mutunci ne, ka je ka gaishe da mai barga, ka riƙa kawo damin harawa ko buhun dusa, ka riƙa yi wa yaron doki alheri. Ita ce mafi arha kuma a nan za ka koyi abin da ba a koyarwa da kuɗi, wanke doki, goge shi, duba kofato, gane lokacin da ba shi da lafiya. Matsalarta ba tsari, yau a ce dokin ya fita, gobe a ce mai koya makan ya tafi ƙauye, kuma sau da yawa dokin ingarma ne mai zafi da linzami mai kaifi.

Ta biyu masu hayar doki na kilisa, ka biya na awa ko na zagaye. Ka gane wannan haya ce, ba koyarwa ba. Za a ɗora ka a ja ka a ɗauke ka hoto. Ba laifi in kana so ka gwada ko kana da tsoro, amma kada ka lissafa shi cikin darasi.

Ta uku kulob ɗin polo da wuraren da ke da malamin hawa. Akwai filin polo a Kano da Kaduna da Katsina da Zariya da Jos da Abuja, akwai kuma irin su Fifth Chukker a Kaduna. Ka je da ƙafarka ka tambaya, don wani wurin sai ka zama mamba, wani wurin kuma za ka iya shiryawa da mai dawaki ko malamin kai tsaye. Ita ce mafi tsada amma akwai fili mai laushi da dawakin da suka saba da 'yan koyo.

Kafin ka biya ko kwabo ka je ka zauna ka kalli darasin wani. Ka duba malamin yana tsaye a fili yana gyara wa ɗalibi zama ko yana gefe yana danna waya. Ka duba bayan dawakin in an sauke sirdi, akwai miki? Ka duba bakinsu akwai jini ko tabo? Ka tambaya wane doki za a ba ka, ɗan koyo tsohon doki mai sanyi yake buƙata, wanda ya ga duniya. In aka nuna maka duƙushi, wato doki mai ƙuruciya, ko dokin sukuwa aka ce shi za ka fara da shi, ka yi godiya ka kama gabanka.

4. Yadda za ka yi lissafin kuɗin

Farashin harkar doki yana bin farashin hatsi da dala, abin da aka faɗa maka kafin azumi ba shi za ka tarar ba bayan sallah, don haka hanyar lissafi zan ba ka, kai ka cike da lambobin garinku.

Ka tambayi abu biyar a fili kafin ka fara: nawa ne darasi ɗaya, minti nawa ne, kuɗin ya haɗa da doki da kayansa ko daban ake biya, kai kaɗai ne ko cikin rukuni, sannan in ka fasa zuwa ko aka yi ruwa kuɗin ya tafi ko ana ramawa. In kulob ne ka ƙara da kuɗin rajista da na shekara.

A ganina sau biyu a sati ya fi, minti 30 zuwa 45, na tsawon wata uku. Sau ɗaya a sati jiki na mantawa, kullum-kullum kuma cinya ba za ta ɗauka ba a farko. Sau biyu a sati na sati 12 darasi 24 ke nan. A ce misali an ce maka naira 10,000 kowane darasi, 240,000 ke nan, in kana ba yaron doki 1,000 duk zuwa ka ƙara 24,000, in kuɗin motarka zuwa da dawowa 2,000 ne ka ƙara 48,000, kaga abin da ka ɗauka 240,000 ne ya haura 310,000 ba a sa hula da takalmi ba. Lambobin misali ne amma haka lissafin yake tafiya, ƙananan nan su ke cinye mutum.

Alherin yaron doki kada ka yi wasa da shi. Shi ya tashi da asuba ya ba dokin abinci, shi ya ɗaura maka sirdi, shi zai faɗa maka yau dokin nan ba ya jin daɗi ka bi shi a hankali.

Ka nemi a yi maka ragi in za ka biya na darasi goma a dunƙule, amma gargaɗi, kada ka biya dunƙule sai ka yi darasi biyu ko uku ka ga hannun malamin. Kuma kada ka fara neman koyo saura sati biyu sallah, lokacin komai ya hau, dawaki duk an kama su, malamai ba su da lokacinka. Bayan babbar sallah ko cikin sanyi ya fi. Darasin farko guda huɗu zuwa shida ka biya na kai kaɗai ko da ya fi tsada, malami ya riƙe dokin da doguwar igiya yana zagaya shi kai kuma kana koyon zama ba ruwanka da linzami. Bayan ka iya sassarfa ba ka rarumar kwacciya sai ka shiga rukuni, ya fi sauƙin kuɗi.

Masu cewa gara in sayi dokina in koya a gida, ku dakata. Kuɗin sayen doki shi ne ƙaramin kuɗi. Harawa da dusa da dawa kullum, kanwa, maganin tsutsa, gyaran kofato, likita, albashin mai kula, kuma doki ba ya hutun cin abinci don ka yi tafiya. Ka yi wata shida a dokin wani tukuna.

5. Sirdi

Sai ka samu dokin da za ka riƙa hawa kullum, naka ko wanda aka bar maka, sannan ka sayi sirdi. Dalili, sirdi bayan doki ake auna wa kafin mazaunin mutum. Dawakinmu na Arewa bayansu gajere ne kuma siriri in ka haɗa da na Sudan ko manyan dawakin Ajantina na 'yan polo, sirdin da ya zauna daram a kan ɗaya zai iya yi wa ɗayan lahani.

Sirdin gargajiya a Kasuwar Kurmi ta Kano za ka samu, da wajen dukawa a Zariya da Katsina da Sakkwato da Damagaram, kuma in da hali gara ka ba da aiki a yi maka da ka ɗauki na rataye. Na polo kuwa daga waje yake zuwa, na Ingila da Ajantina su ne masu tsada da ƙarko, na Indiya da Pakistan sun fi arha amma sai an tantance, akwai mai kyau akwai wanda fatarsa kamar kwali. Ni dai tsohon sirdi mai kyau na hannu ya fi min sabo mai arha.

Yadda ake duba na hannu: ka dafa kwacciyar baya a cinyarka ka kama ta gaba da hannu biyu ka jawo ta wajenka da ƙarfi. In ka ji ƙara ƙas-ƙas ko ka ga mazaunin ya naɗe ya yi tattara, ƙashin cikin sirdin ya karye, ka ajiye shi ko kyauta ne. Ka kifa shi ka shafa ƙasansa da tafin hannu, ɓangare biyun su zama daidai, ba dunƙule-dunƙule, ba kan ƙusa. Ka ja igiyoyin da ake ɗaura majayi, wato ɗamarar da ke zagaye cikin doki ta riƙe sirdi, ka duba ɗinkinsu, ka lanƙwasa fatar ka gani ko tana tsagewa. A na gargajiya ka duba icen ko gara ta ci, ka duba inda aka ɗaure da rama ko fata ko ya saki.

Wannan ban koye shi a banza ba. Shekarun baya na sayi wani sirdi a hannun wani mutum, ya sha mai yana ƙyalli, ban ja kwacciyar ba. Kwana huɗu ina hawa, rana ta biyar da na zo ɗaurawa dokin ya kwantar da kunne ya lanƙwasa baya, dokin da bai taɓa yi min haka ba. Na sauke na shafa sai na ji wuri ya kumbura da zafi kusa da kafaɗa, kafin kwana biyu ya fashe ya zama miki. Sati shida ban hau shi ba, ina wanke masa safe da yamma ina kore ƙuda, kuma da ya warke farin gashi ya fito a wurin, har ya bar hannuna tabon nan na nan. Duk dokin da ka gani da farin gashi tsibi-tsibi a inda sirdi ke zama, labarin da ke bayansa ke nan.

Gwaji a kan doki: ka ɗora sirdin haka nan ba shimfiɗa, ka ɗan sa shi gaba sannan ka zamo da shi baya har ya zauna da kansa. Tsakanin ƙasan kwacciyar gaba da tudun kafaɗar doki, inda geza ta ƙare, yatsu uku su shiga a tsaye, in ka hau kuma kada su gaza biyu. Ka tsaya ta baya ka leƙa, ya kamata ka hango haske ta ramin tsakiya, alamar sirdin bai taɓa ƙashin baya ba. Ka zura hannu ta ƙarƙashin gaba ka ji ko ya matse kafaɗa. Ƙarshensa kada ya wuce haƙarƙarin ƙarshe ya hau kan ƙugu. Ka sharɗanta wa mai sayarwa cewa in bai zauna ba za ka dawo da shi, in ya ƙi ka nemi wani.

Kai kuma naka awon, sirdin polo da inci ake auna mazauninsa, manya yawanci 17 zuwa 18, yara 15 zuwa ƙasa. In ka zauna a tsakiya faɗin tafin hannu ya rage a bayanka.

Abu ɗaya da ba a son faɗa: nauyi. Abin da aka saba bi shi ne mahayi da sirdi gaba ɗaya kada su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki. Dokin da ke da kilo 350 kilo 70 ke nan, kuma sirdin gargajiya da kayansa ba ƙaramin nauyi ba ne. In kai mai jiki ne ka nemi babban doki, kada ka hau kuru, wato gajeren doki.

6. Zubka, majayi da likkafa

Zubka, wato shimfiɗar ƙarƙashin sirdi, ka sayi biyu don in ɗaya ta jiƙe da gumi ka shanya ka sa ɗayar. Auduga ko ulu, banda mai roba-roba da ke riƙe zafi. Kada ka yi tunanin tara shimfiɗa uku zai gyara sirdin da ya matse, ƙara matsewa yake, kamar ka sa safa uku a takalmin da ya yi maka kaɗan.

Majayi ya zama mai faɗi da laushi, ba tsagewa ba busasshen gumi a jiki, shi ke jawo mikin bayan hammata. A nan kada ka yi tsimi, majayi in ya tsinke ana gudu kai da sirdi gaba ɗaya za ku sauka.

Likkafa ka je da takalmin da za ka riƙa hawa da shi ka gwada, yatsa ɗaya ya shiga kowane gefe. Ta matse ƙafa ta maƙale, ta yi faɗi ƙafa ta zarce. Tsawon igiyarta kuma, ka ɗora kan yatsunka a inda igiyar ta fito daga sirdi ka miƙe hannu, ƙasan likkafar ya taɓo hammatarka, daga nan ka ƙara ko ka rage rami ɗaya in ka hau. Manyan likkafun gargajiya masu faɗi gefensu na da kaifi, da shi ake zungurar doki, ɗan koyo bai san ƙafarsa na yi ba sai an sauka a ga ciki duk ƙarzunu.

7. Linzami

A nan nake so ka fi nutsuwa. Linzaminmu na gargajiya mai harshen ƙarfe da zobe da ke zagaye haɓa, an yi shi ne don gwani, wanda zai taho a sukwane ya yi zamiya a gaban sarki da ɗan motsin yatsa. A hannun ɗan koyo kuwa azaba ce, saboda duk wanda bai iya zama ba da kamazuru, wato igiyar linzami, yake dogara don kada ya faɗi, ya yi baya ya ja, ya tsorata ya ja, kowane ja harshen ƙarfen nan na dukan ganɗar doki zoben na matse haɓa. Sai doki ya fara ɗaga kai, ya fara miƙewa tsaye, a ce mahaukaci ne, a kawo karin maganar nan ta linzami da wuta, alhali bakinsa ne ke ciwo.

Ka fara da linzami mai sauƙi, ƙarfe mai gaɓa a tsakiya da zobe biyu a gefe, irin wanda ake samu wajen masu kayan polo. Faɗinsa ga dawakinmu galibi inci 4 da rabi zuwa 5, in ya shiga baki ya rage ɗan kaɗan kowane gefe, kamar rabin santimita. Tsayinsa kuma ya yi 'yar tattara ɗaya ko biyu a gefen leɓe, in ya sauka ƙasa yana bugun haƙori. Ka shafa ƙarfen da yatsa, in akwai tsatsa ko kaifi ko wurin da maƙeri bai goge ba ka bar shi. Igiyar maƙogwaro yatsu huɗu su shiga, ta hanci yatsu biyu.

Gargaɗi: dokin da ya saba da linzamin gargajiya tun yana ƙarami kada ka canza masa ka fita titi ranar. A gwada shi a fili mai katanga, gwani ya fara hawa, wani dokin kwana kaɗan ya saba, wani kuma bakinsa ya riga ya mutu sai an daɗe.

Ka sayi ragama daban ta ɗaurewa a turke. Ba a ɗaure doki da kamazuru, in ya fizga ƙarfen zai yanke masa harshe. Ƙaimi kuwa ka manta da shi shekarar farko.

8. Yadda ake ɗaurawa, bi da bi

Ka fara goge dokin, musamman baya da inda majayi ke bi, ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin zubka ta isa ta yi miki. Ka ɗaga kofato huɗun ka cire tsakuwa. Ka tsaya ta hagunsa, ka ɗora zubka gaba kaɗan ka zamo da ita baya yadda gashi ke kwanciya, sannan sirdi a hankali ba jefawa ba, ka ɗago zubkar ta shige cikin ramin kwacciya kada ta danne kafaɗa. Majayi a matakai uku ake ɗaure shi: sako-sako da farko, bayan ka sa linzami ka ƙara, ka ja dokin ya ɗan taka ka ƙara na ƙarshe, don doki na kumbura ciki in ya ji za a ɗaure. Bayan minti biyar zuwa goma da hawa ka sake dubawa. Yatsu su iya shiga a kwance, ba a so a shaƙe shi.

In ya ci hatsi ka ba shi kamar awa ɗaya kafin hawa. In kun dawo kuma minti goma na ƙarshe a tafiya, ka sassauta majayi kafin ka sauke, ka kalli gumin bayansa. In gumin ya jiƙa ko'ina daidai sirdin ya zauna, in akwai busasshen wuri a tsakiyar jiƙa to nan yake dannewa.

9. Kayan ado da kula da kaya

Jalala, ɗan ƙirji na ado, kayan kai da sauransu su ne na ƙarshe, kuma in sau biyu a shekara za ka hau da su haya ta fi saye. Ka kama da wuri, sati uku ko huɗu kafin sallah, ka gwada su a kan dokin tun kafin ranar don ya saba da nauyi da ƙarar ƙararrawa. Amma zubka da majayi ka sa naka, kada ka karɓi na haya, ta nan makero da sauran cututtukan fata ke yawo daga doki zuwa doki.

Fata kuma abokan gabanta biyu ne a ƙasar nan, hunturu da damina. Da hunturu tana bushewa ta tsage, ka goge ƙura da ɗanyen tsumma ka shafa man kaɗe kaɗan ka bari ya shige, kada ka tula. Baƙin mai na mota da wasu ke shafawa yana cinye ɗinki kuma yana ƙona fatar doki. Da damina fumfuna ce, ka rataye kaya inda iska ke shiga, ba a ƙasa ba, ba cikin buhun leda ba, in ruwa ya dake su ka shanya a inuwa. Ƙarfen linzami ka ɗauraye shi duk saukowa kafin yawu ya bushe a jiki. Sau ɗaya a wata ka kwance komai ka bi ɗinki ɗaya bayan ɗaya, musamman igiyar likkafa ta hagu da ake takawa a hau, ita ke fara miƙewa, sai ka riƙa musanya ta da ta dama, wadda ɗinkinta ya fara saki kuma ka kai wa baduku tun kafin ta tsinke.